Tsohon Tiyon Katafilar Malachy

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na bakin kogin Shannon, can ƙasar Turawa, sunansa Malachy Fallon. Shekarunsa sun haura sittin, amma in ya ba ka hannu kuka gaisa, sai ka ji kamar ƙofa ce ta datse maka yatsu.

Sana'arsa aikin ƙasa ce. Yana da wata ƙaramar katafila mai tafiya a kan sarƙar roba maimakon taya, irin wadda ke shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, kuma ba ta nutsewa a taɓo. Da ita yake gyara wa mutane hanyar gona, ya baje tsakuwa, ya kwashe kashin shanu daga garke.

Ba mugun mutum ba ne. In motarka ta faɗa rami ana tsuga ruwa, shi za ka kira, kuma zai zo. Aibinsa guda ne: yana bayarwa, amma ba ya karɓa. Ko tsani ne ya karye masa, gara ya hau kan ganga da ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.

Matarsa Breda ce kaɗai ke iya masa. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan, sai ƙaninta Dessie da ke leƙo su. Dessie bakanike ne, yana da gareji a bakin titi, kuma bakinsa ba ya shiru. In ya shigo ya tarar da Malachy, sai ya cire hula ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin taurin kai." Malachy ya yi tsaki, Breda ta yi dariya ta zuba musu shayi.

Wata safiya da kaka, Breda na tsaye a kicin, kofi ya suɓuce daga hannunta. Malachy ya juyo ya ga bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita daidai.

Ya kwantar da ita a kujera ya ce gajiya ce, za ta wuce. Da ya ga ba ta wuce ba, bai kira motar asibiti ba, don ba ya son ƙauye duka ya ga fitilarta a ƙofar gidansa. Ya jira, ya ƙara jira, sai da rana ta yi tsaka sannan ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta asibitin birni.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa da an kawo ta tun da safe, akwai allurar da wataƙila ta rage ɓarnar.

Dessie na tsaye a wurin ya ji. Da likitan ya wuce, ya dubi Malachy, idonsa jawur, ya ce, "Ka ji ko? Girman kanka ne ya kwantar da Yayata. Ba ciwo ba ne, kai ne."

Malachy ya sa hularsa ya fita. Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Dessie.

Breda ta daɗe a asibiti. A hankali magana ta dawo, ko da yake tana jan harshe. Ƙafa da hannun dama kuwa ba su dawo ba. Kullum in Malachy ya zo da yamma, maganarta ɗaya ce.

"Malachy, ka kai ni gida. Nan ba a iya dafa dankali ba."

Sai asibitin ya turo wata jami'a ta duba gidan. Ta ga tsakar gida duk taɓo da kududdufi, ta ga matakala a bakin ƙofa. Ta ce keken guragu ba zai bi nan ba. Sai an zuba hanya ta kankare daga titi har ƙofa, an yi gangara a maimakon matakala. In an yi haka, kuma akwai mai ƙarfin da zai riƙa ɗaga ta daga gado zuwa keke, za a sallame ta.

Malachy ya ce, "Ƙarfi akwai. Hanya kuma aikina ce. Kafin Kirsimeti tana ɗakinta."

Maƙwabta suka ji, suka ce za su haɗu ranar Asabar a yi aikin gayya. Ya ce musu ya gode, ba ya bukata. A ransa yana ganin shi ya jawo mata wannan hali, don haka shi kaɗai ya kamata ya gyara.

Ya fara aiki. Ya kwashe taɓon sama, ya tara a gefe, aka kawo masa tsakuwa. Yana tsakiyar baje ta, sai katafilar ta yi wata ƙara daga ƙafar hagu, kamar ana niƙa duwatsu. Ya tura ta gaba, ta ƙi tafiya kai tsaye, sai juyawa take a wuri ɗaya. Ya kashe ya sauko, ya ga baƙin mai yana tsiyaya daga bayan sarƙar.

Kowace ƙafa ta irin wannan katafila tana da nata moto da ke juya sarƙa. Ba wuta ke juya shi ba, man haidirolik ne ake turo masa da ƙarfi ta cikin tiyo. Na hagun ne ya mutu. Kuma ta mutu ne a daidai tsakiyar hanyar da yake ginawa, ba gaba ba baya.

Aikin cire moton nan na mutum biyu ne. Malachy ya san haka sarai, amma ya shiga shi kaɗai.

Ya ɗaga gefen hagu da jak, ya tokare da guma-guman itace. Ya rage giris ɗin da matsinsa ke ɗame sarƙar har ta saki, ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro ta daga haƙoranta, ruwan sama na zuba masa a wuya. Ya ɗaga ɗakin direba, ya kwance tiyo-tiyon, ya toshe bakinsu da tsumma mai tsabta don kada ƙasa ta shiga. Kusoshin da ke riƙe da moton sun yi tsatsa, wasu sai da ya gasa su da wuta kafin suka motsa.

Da moton ya fito, nauyinsa ya kusa na mutum. Ya mirgina shi a kan katako har cikin rumfarsa, yana nishi.

Ya buɗe cikinsa a kan tebur. Robar da ke hana ruwa shiga ta cinye, taɓo ya shiga ya cuɗu da mai, ƙwallayen ƙarfen da ke ciki sun farfashe. Ya yi odar sababbi, ya zauna jira. Da safe ya wanke kayan cikin ɗaya bayan ɗaya, da yamma ya goge hannu ya tafi asibiti.

"Ina hanyata?" in ji Breda.

"Tana nan tafe."

"Kana warin mai. Me ya lalace?"

"Ƙaramin abu ne."

Ta dube shi da idon da ya san shi shekara arba'in. Ta ce, "Ka kira Dessie."

Ya gyara mata bargo.

Kayan suka iso, ya haɗa moton tsaf, don gaskiya ya iya aikinsa. Ya mirgino shi, ya ɗora a mazauninsa da ƙyar, ya ɗaure kusoshi. Yana cikin mayar da tiyo-tiyon sai ya lura da ɗaya daga ciki, babban da ke kawo mai da ƙarfi. Gefensa ya goge a jikin ƙarfe har wayar cikinsa ta fara leƙowa.

Ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo. Ya san ya kamata a canza shi. Amma a duk yankinmu, wuri ɗaya ne ake da injin matse bakin irin wannan tiyo, wato garejin Dessie.

Ya ce a ransa, "Zai kai ni ƙarshen wannan aiki." Ya ɗaura tsohon.

Ya tayar da inji, ƙafar hagu na sama a kan itace. Ya tura sandar tuƙi, moton ya juya lafiya lau, ba ƙara ba gargada. Rabon da ya yi murmushi tun ranar da Breda ta faɗi, sai a lokacin.

Can ya hango mai yana ɗiga a ƙasa. Ya ɗaure sandar tuƙin da igiya don moton ya ci gaba da juyawa, ya sauko ya durƙusa. Wurin duhu ne, ido ba ya kaiwa. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san da guntun kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba. Amma kwalin yana can cikin rumfa, shi kuma yana sauri.

Ya zura hannun dama yana shafa jikin tiyon.

Sai ya ji kamar zanzaro ya harbe shi a gindin yatsa.

Ya fizgo hannu, ya kashe inji, ya cire safar hannun da ya sa. Ba jini, ba rauni. Wani ɗan ɗigo ne kawai, kamar inda allura ta shiga. Ya tsotsa ya tofar.

Yana nan tsaye sai ga motar Dessie ta tsaya a titi. Dessie ya fito da sabon tiyo rataye a kafaɗa. Breda ce ta sa nas ta buga masa waya.

"Na san irin katafilarka, na san inda take cin tiyo," in ji Dessie. "Ga shi na matse maka. Ba sai ka yi mini magana ba, ka karɓa kawai."

Sai idonsa ya kai kan man da ya fesu a ƙasa, ya kai kan hannun da Malachy ke yarfewa. Fuskarsa ta canza.

"Mu ga hannun."

"Ba abin da ya same shi."

"Malachy, don Allah mu gani." Ya kamo hannun da ƙarfi ya duba ɗigon. "Inji na aiki ka taɓa?"

"Ƙaiƙayi ne kawai."

"Ƙaiƙayin uwar wa? Mai ne ya shige maka cikin nama! Shiga mota mu tafi asibiti yanzun nan. Na taɓa ganin wannan, wallahi ba wasa ba ne."

Malachy ya fizge hannunsa. "Kai ne za ka koya mini ciwo? Ka riga ka faɗa a gaban jama'a ni na kwantar da Yayarka. To bar ni in tashe ta."

"Na faɗa, kuma na yi nadama. Ka zage ni, ka mare ni in kana so, amma a cikin mota. Haba Maigida!"

"Ɗauki tiyonka ka bar mini gida."

Dessie ya roƙa har muryarsa ta dushe. Malachy ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Dessie ya ajiye tiyon a kan katanga ya tafi.

Washegari yatsan ya kumbura ya yi fari, zogin ya hau har tafin hannu. Malachy ya sha maganin ciwon kai, ya naɗe wurin da tsumma. Ya yi ƙoƙarin mayar da sarƙar katafilar, hannun ya kasa riƙe sifana. Da yamma ya je asibiti wajen Breda, hannu cikin aljihun kwat. Yana cikin ginin da likitoci suke, ya wuce ta gabansu, bai nuna wa kowa ba.

"Me ya sa kake ba ni ruwa da hagu?" in ji Breda.

"Na ɗan buge ne."

"Fito da shi."

"Breda, ki sha ruwanki."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen fuskar da ba ya motsi. Ta ce, "Ni na san wanda na aura."

Bayan kwana biyu, Dessie ya zo da safe ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya zagaya ta baya ya tarar da Malachy kwance a kicin, jiki kamar garwashi, yana sambatu. Hannun ya yi baƙi har wuyan hannu, yana wari. Wannan karon ba wanda ya tambaye shi izini. Motar asibiti ta zo da jiniya, ƙauye duka ya gani.

Likitocin suka shiga da shi tiyata. Suka tarar man ya bi jijiyoyi ya haura, ya kashe naman da ya taɓa. Suka yanka suka wanke, suka sake yankawa. A ƙarshe suka ce in ana son ransa, sai hannun ya tafi. Aka yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu.

Da ya farfaɗo, babban likitan ya ce masa, "Da a ranar ka zo, yatsa ɗaya za mu yi faɗa a kai, kuma wataƙila mu ci nasara."

Malachy ya juya fuska bango.

Yana kwance a wani ɓangaren asibitin, matarsa na kwance a wani. Ranar Asabar ta wannan makon Dessie ya tara maƙwabta. Suka ɗaura sabon tiyon, suka mayar da sarƙa, suka tayar da katafilar. Suka baje tsakuwa, suka zuba kankare, suka yi gangara a bakin ƙofa. Kafin rana ta faɗi aikin ya ƙare.

Jami'ar asibiti ta dawo ta duba, ta ce hanya ta yi kyau. Sannan ta ce, "Amma wa zai ɗaga ta?"

Dessie ya ce shi zai riƙa zuwa safe da yamma. Ta ce mai irin wannan ciwo tana bukatar mutum a kusa dare da rana, kuma Malachy kansa yanzu mai bukatar kulawa ne. Aka sa sunansu cikin masu jiran ma'aikaciyar jinya ta gida, aka ce layin da tsawo. Gadon asibiti kuma wasu na jira. Sai aka mayar da Breda gidan kula da tsofaffi, a wani gari can nesa da kogi.

Ranar da aka sallami Malachy, Dessie ne ya kai shi wajenta, don ba ya iya tuƙi. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, hannun rigarsa na dama a naɗe an maƙale da fil. Ya kasa shiga.

"Shigo mana," in ji Breda. "Ko sai an aiko maka da takardar gayyata?"

Ya shiga ya zauna. Ta daɗe tana kallon hannun rigar. Sannan ta miƙa hannunta na hagu ta kama nasa na hagu.

"Ka gan mu," ta ce. "Mutum biyu, hannu biyu, kuma duk na hagu. Ko tafi ba za mu iya ba."

Ta so ta ba shi dariya ne. Sai ya kifa kansa a gefen gadon ya yi kuka irin wanda Dessie bai taɓa jin namiji ya yi ba. Dessie ya fita ya ja musu ƙofa.

A can suka yi Kirsimeti, da hular takarda irin ta bikin da naman talotalo mai sanyi. Breda ta daina cewa a kai ta gida. Wannan shirun ya fi damun Malachy fiye da roƙon. Ya riƙa ce mata in bazara ta shigo za a samu ma'aikaciyar, za ta koma ɗakinta. Takan gyaɗa kai kawai.

Sanyin watan Fabrairu ya shiga ƙirjinta. Tari ya zama zazzaɓi, zazzaɓi ya ƙi sauka. Wata ranar Talata da hantsi, Malachy na zaune a gefenta, ta cika.

Ranar jana'iza Dessie ya zo ɗaukarsa zuwa coci. Ya tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa baƙar kwat, takalma a ƙafa amma igiyarsu a sake. Ga alama ya daɗe yana fama da su.

Malachy bai ɗago kai ba, ya ce, "Dessie, zo ka ɗaure mini."

Dessie ya durƙusa a gabansa ya kama igiyar. Ruwan sama na bugun taga.

"In tambaye ka," in ji Malachy. "Tiyon nan. Da na zo garejinka a ranar da na ga ya goge, tsawon wane lokaci zai ɗauke ka ka matse mini sabo?"

"Bar maganar nan, Maigida. Yau ba ranarta ba ce."

"Gaya mini."

Dessie ya ja igiyar ya ƙulla.

"Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama."

Malachy ya gyaɗa kai. Ya miƙa masa ɗaya ƙafar.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba mai shi kaɗai yake ci ba, har da waɗanda yake ƙauna. Neman taimako ba faɗuwa ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In wanda kuka saɓa da shi ya zo maka da alheri, karɓa tun da sauran lokaci. Ku kuma masu aiki da injinan haidirolik, kada ku taɓa neman yoyo da hannu, in kuwa mai ya huda muku fata ko da kamar tsinin allura ne, ku nufi asibiti nan take. Ku tura wannan labari ga duk wani mai taurin kai da kuke so, wataƙila ya karanta kafin ya makara.